Sojan da Aka Bari a Bakin Gada

In Allah ya yi mini tsawon kwana har na manta sunayen titunan Doha da na yi shekaru ina zagawa da motar ma'aikata, ba na jin zan manta da watannin da na yi ina fassara katun ɗin Japan ga wani ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu. Har yau in na tuna sai na ji wani haushi ya taso mini, sannan wani abu daban ya biyo bayansa ya danne shi. Zan ba da labarin yadda ya faru, ba tare da na ambaci sunan kowa ba.

A lokacin muna zaune a Mansura, ɗaki ɗaya a hawa na biyu na wani tsohon gini, sama da shagon wani mai wanki da guga. Mu uku ne. Akwai ni, akwai wani direban tasi ɗan zangon Kumasi wanda bakinsa ba ya hutawa, sai kuma mijin ƙanwata. Shi wannan tsohon soja ne. Ya yi shekaru a dajin arewa maso gabas kafin ya ajiye kaki, shi ya sa kowa ke ce masa Kofur. Ni na yi masa hanya ya zo, bayan ƙanwata ta yi ta kirana tana cewa zaman gida yana cinye shi, ba ya barci, ba ya hira, yara ma sun fara tsoron shirunsa. Na yi magana da wanda ya san wani, aka samar masa aikin gadi a wani dogon gini na masu haya a Bin Mahmud. Ni na tsaya masa, na ce mutumin kirki ne. Kuma ban yi ƙarya ba. Salla ba ta wuce shi, bai san taba ba, kuma da yake ni yayan matarsa ne, ko ido ba ya iya haɗawa da ni. In na shigo ɗaki sai ya gyara zama.

Matsalar ta faro ne daga abokin aikinsa, wani mutumin Sudan mai furfura a gemu. Shi ya tura masa wani tsohon katun a waya, wai da shi suka tashi suna yara, ana nuna musu a talabijin bayan la'asar. Na 'yan Japan ne tun na shekarun baya, aka juya shi zuwa Larabci. Labarin yaƙi ne tsakanin ƙasashe biyu, amma sojojin ba a ƙasa suke fafatawa ba. Kowa yana shiga cikin wani mutum-mutumin ƙarfe mai tsayin hasumiya, ya zauna a ƙirjinsa yana tuƙa shi kamar yadda nake tuƙa bas, su yi ta sarar juna da takubban wuta. Da na fara ganin Kofur ya duƙufa a kai, dariya na yi. Na ce a raina gara wannan da zaman jugum.

Ban daɗe ina dariyar ba. Wata rana ya dawo ya zauna bakin gado bai cire takalmi ba. Sai da ɗan Kumasi ya matsa masa sannan ya faɗa cewa mudir, wato shugaban masu gadin, ya kama shi yana kallo a bakin aiki. Kuma ashe ba shi ne karo na farko ba. An gaya masa a fili cewa in aka sake, kamfani zai soke bizarsa a sa shi a jirgi.

Na rasa ta inda zan fara. Mutumin da ya ga harsashi da idonsa, ga mata ga yara ga tsohuwa a gida duk suna jiran abin da zai aiko, zai zubar da abincinsa saboda zanen yara. Na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi masa ba. Na tuna masa ƙanwata, na tuna masa fuskata da na kai gaban mutane saboda shi. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, ba abin da yake cewa sai "Haka ne, Yaya Malam." Da na gaji na yi shiru, sai ya ce a hankali, shi ba don daɗi yake kallo ba. Wani wuri yake nema a ciki, kuma da yake ba ya jin abin da suke faɗa, sai ya yi ta gaba yana dawowa baya, yana tsoron ko ya wuce shi. Na tambaye shi wane wuri. Ya ce in dai zan taimaka in fassara masa, zai gane wurin in an zo.

A nan ne na faɗa ramin da na haƙa da bakina. Na ce to, ga sharaɗi. Babbar wayarsa da yake kallo da ita za ta riƙa kwana a ɗaki ta yini a ɗaki, ya tafi aiki da ƙaramar mai maɓalli. Ni kuma duk Juma'a, in mun dawo masallaci mun ci abinci, zan zauna in fassara masa har la'asar. Ya amince da sauri har na fara zargin ko da ma abin da yake jira ke nan. Ban tambayi kashi nawa aka raba labarin ba. Da na tambaya, da wataƙila na sake shawara.

Ya kamata in yi bayanin dalilin da ya sa aikin ya faɗo kaina. Ni a zaure na yi karatu. Da ajami na fara rubutu kafin in san boko, kuma Larabcin da na sani na littafi ne, na fiƙihu da luga da nahawu. Da na zo Doha na buɗe baki a kanti, sai yaran shagon suka yi ta murmushi, ɗaya ya ce ina magana kamar mai huɗuba. Su kuma in suka yi nasu, daga yalla sai khalas nake tsinta. Na yi shekaru a haka. To ranar Juma'ar farko da Kofur ya jingina wayar da gwangwanin madara ya kunna, sai na ji abin da ya girgiza ni. Waɗannan zanannun mutane masu manyan idanu suna magana da tsantsar Larabcin da malamaina suka koya mini, kowane wasali a mazauninsa. Duk faɗin garin nan, ba wanda na taɓa fahimta sarai kamar wani yaro mai shuɗin gashi da ke ihu a cikin ƙirjin ƙarfe. Wannan ma wani haushin ne na daban.

Ɗan Kumasi ya sa wa zaman suna tafsirin ƙarfe. Da mun idar da cin abinci sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a a matso, Malam zai buɗe littafi." Na hana shi haɗa sunan tafsiri da wannan shirme, ya ce ya tuba, Juma'a mai zuwa ya sake.

Abubuwan da suka ƙona mini rai a katun ɗin nan suna da yawa. Kowane kashi sai an fara da waƙa, doguwa, kuma Kofur ba ya yarda a tsallake ta. Kowane kashi sai an nuna yadda ƙarfen ke fitowa daga rumbunsa, a buɗe wannan ƙofa, a ɗaga wancan, hoto iri ɗaya ba canji. Sannan abin da ya fi ba ni takaici, babu wanda zai harba makami sai ya fara kiran sunan makamin da ƙarfi. Na ce wa Kofur, kai da ka yi yaƙi, haka kuke yi, ku sanar da abokin gaba abin da za ku jefa masa? Ya ce a'a, wannan kam ƙarya ce. Akwai kuma kalmomin da babu su a littattafanmu, na makamai da injuna. Sai na yagi bayan kwalin shayi ina rubuta su da ajami, in na haɗu da ɗan Sudan in tambaye shi. Ni da nake rubuta addu'o'i da wannan hannun, ga ni ina rubuta sunan makami mai linzami.

Amma a hankali na lura Kofur ba faɗan yake kallo ba. In aka fara sare-sare sai ya ɗauki kofin shayinsa ya sha. Inda yake matsowa kusa da wayar shi ne wuraren da ni nake ganin ba a komai. Sojoji zaune a rami suna jiran abinci bai zo ba. Wani yana ɗinke safarsa. Hafsoshi a ɗaki mai sanyi suna tura 'yan duwatsu a kan taswira. Mutanen gari ɗauke da ƙullin kaya a ka, tsohuwa tana jan akuya, suna bin titi ba su san inda za su ba, ga ƙafar ƙarfe ta taka gidansu ta wuce ko waiwaye babu. Akwai wani kashi da aka bi wani sojan abokan gaba har gida, aka nuna uwarsa tana zuba masa abinci, a kashi na gaba kuma yaronmu mai shuɗin gashi ya kashe shi, ya koma rumbu ya yi ta amai. A nan Kofur ya ce, ba da ni yake ba, ba da kowa ba, wanda ya zana wannan ya san abin. Ɗan Sudan ya taɓa gaya mini cewa waɗanda suka yi irin waɗannan zane-zane sun tashi ne a garuruwan da yaƙi ya ƙone, shi ya sa ba sa iya ba da labarin jarumi ba tare da sun nuna wanda aka taka ba. Allah ne masani, amma abin ya yi kama da haka.

A cikin rundunar su yaro mai shuɗin gashi akwai wani soja da ba shi da muhimmanci a labarin. Dogo ne siriri mai manyan kunnuwa, kullum shi ne na ƙarshe a layin abinci. Ƙarfensa ma tsoho ne, hannu ɗaya launinsa daban saboda ciro shi aka yi daga wani da ya lalace. Wajen tsakiyar labarin aka fi ƙarfinsu a bakin wata gada, cikin dusar ƙanƙara. Aka harbi ƙarfen sojan nan mai kunnuwa, ya durƙushe a kan gwiwa ɗaya, shi kuma ya cika a ciki. Abokansa suka so su ciro shi, shugabansu ya hana, ya ce babu lokaci. Na fassara maganar shugaban kamar yadda ya faɗe ta: za mu dawo mu ɗauke shi, na yi alkawari. Aka nuna su suna tafiya, aka nuna ƙarfen shi kaɗai a durƙushe, ƙanƙara tana sauka a kafaɗarsa.

Kofur ya sa na maimaita. Na maimaita. Ya tambaya ko alkawari ya ce, ko kuwa cewa ya yi in hali ya yi. Na ce alkawari ya ce, da kalmar da ba ta da wata ma'ana. Ya gyaɗa kai ya ce mu ci gaba. Tun daga ranar, kowane kashi muka gama sai ya tambaye ni ko an ambaci gadar. In na ce a'a sai ya ce wataƙila na gaba. Na ɗauka irin son labari ne kawai, kamar yadda tsofaffi mata ke tambayar makomar kowa a wasan rediyo.

Haka muka ci Juma'o'i, zafi ya shigo har ya fara sauka. Na daina zuwa gaishe da 'yan garinmu a Al Rayyan. Barcin rana da nake samu sau ɗaya a mako ya tafi. Waƙar nan ta shiga kaina, har na kama kaina ina kaɗa ta da yatsa a kan sitiyari, na yi ta istigfari. Abin da ya riƙe ni shi ne sharaɗin yana aiki. Wayar tana ɗaki, mudir bai sake magana ba, ƙanwata tana samun saƙonta a kan lokaci.

Ranar da muka kai kashi na ƙarshe na yi alwala da farin ciki kamar mai shirin buɗe-baki. Aka yi babban faɗa, aka yi sulhu, shugabanni suka sa hannu, mutane suka fito tituna suna rungumar juna. Yaro mai shuɗin gashi ya sauko daga ƙarfensa ya tafi gona. Shugaban nan da ya yi alkawari aka rataya masa lamba a ƙirji. Rubutu ya hau, waƙa ta tashi. Na ce alhamdulillahi, na miƙe ƙafafuna.

Kofur bai motsa ba. Ya ce a mayar baya kaɗan, wajen jawabin shugaban, wataƙila ya faɗi wani abu a kan gadar na tsallake. Na ce ban tsallake komai ba. Ya ce ko a cikin rubutun ƙarshe. Na ce sunayen masu zane ne. Sai mutumin nan da bai taɓa musa mini ko da a kan gishirin miya ba ya ce, "Yaya Malam, anya ka fassara duka kuwa?"

Raina ya ɓaci sosai. Na ce na ba shi Juma'o'ina, na ba shi barcina, yanzu kuma zai tuhume ni da ha'inci a kan katun. Na ce ba su koma ba, sun manta da shi, masu zanen ma sun manta da shi, labari ya ƙare. Sai ya ɗago, karo na farko ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "To a yi masa addu'a mana."

Ɗan Kumasi ya fashe da dariya har ya ƙware, yana cewa a kawo goro da dabino a yi sadakar uku. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na ce, "Kofur, zane ne. Tawada ce da fenti. Ba shi da rai balle kabari. Kada ka sake haɗa addu'a da wannan a gabana." Har yau ina nan a kan cewa maganata daidai ce. Ya ce in yi haƙuri, ya sa takalmi ya fita, bai dawo ba sai bayan magariba.

Washegari na kai ma'aikata wurin aikinsu, na dawo ɗaki kafin azahar don in ɗan kwanta. Idona ya kai kan taga inda babbar wayar take zama. Caja tana nan, waya babu. Ƙaramar mai maɓalli kuma tana kan matashinsa.

Ban san lokacin da na sauka daga benen ba. A cikin jirgin ƙasa na metro ina ta tsara maganganun da zan gaya masa, ina tunanin yadda zan kira ƙanwata in ce mijinki yana hanya, katun ya kore shi. Na isa ginin, na tura ƙofar gilashi. Ɗan Sudan yana tsaye a bakin ƙofa yana leƙen titi, da gani gadin mudir yake yi ba gadin gini ba. Kofur yana zaune bayan kanta, wayar a kan cinyarsa. Na zagaya na fizge ta. Ba ma kallo yake ba. Ya tsayar da hoton ne a kan ƙarfen nan da ke durƙushe a bakin gada.

Na buɗe baki zan fara, sai ya riga ni. Bai ɗago ba, kuma muryarsa ba ta canza ba, kamar mai ba da rahoto. Ya ce suna da wani a rundunarsu, ɗan wajen Gumel, tare suka shiga soja, tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Wata rana aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wani rafi. Aka harbe shi a ciki, Kofur ya ja shi zuwa gindin wata tsamiya, a nan ya cika a hannunsa, da kalmar shahada a bakinsa. Umarni ya zo a ja da baya. Suka ce su ɗauke shi, hafsansu ya ce motar ta cika da masu rauni, a rufe shi da tampol, gobe za a dawo da ƙarin sojoji. Goben ba ta zo ba. Wurin ya fita daga hannunsu, aka mayar da su wani yanki, hafsan ya samu ƙarin girma. Ba a wanke shi ba, ba a yi masa salla ba, ba a binne shi ba.

"Ni na ɗora dutse a kan tampol ɗin don kada iska ta ɗauke," in ji shi. "Da na ga na cikin wayar nan, sai na ce bari in ga su yadda za su yi in sun koma. Ko a zane ne, in ga an koma."

Ina tsaye da waya a hannu sai ɗan Sudan ya yi gyaran murya da ƙarfi. Kafin in juya mudir ya shigo, wani Balarabe mai tumbi da tabarau a goshi. Cikin ruɗewa yatsana ya taɓa fuskar wayar, ban san abin da na danna ba, sai waƙar nan ta tashi, ta cika zauren ginin. Mudir ya dubi Kofur, ya ga hannuwansa a kan kanta babu komai. Ya dube ni, da gemuna da hulata da carbi a wuyan hannu. Ya tambaya wane ne ni, kuma wa ke kallon wannan. Ban so in yi ƙarya ba, kuma Allah ya taimake ni ban buƙaci yi ba. Na amsa masa da Larabcina na huɗuba cewa ni surukin wannan ne, kuma na kalli abin nan daga farkonsa har ƙarshensa, babu kashin da ya wuce ni. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce nan ba wurin baƙi ba ne, yalla, in fita. Na fita da kunyar da ban taɓa ji ba tun ina yaro. Ina jan ƙofa na ji mudir yana bin waƙar a hankali ta hanci, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

A hanyar komawa tunanina ya bar katun ya koma kan fiƙihu. A karatun da na yi, malamanmu ba sa yi wa gawar da ba ta nan salla. Haka na taso, haka na gani. Amma na san a ƙasar nan suna yi, na sha ganin liman ya sanar bayan farilla cewa za a sallaci wani da ya rasu a wata ƙasa, ni kuma in zauna a gefe ina yi masa addu'a. Bayan la'asar na tsaya na sami limamin masallacin unguwarmu, na ba shi labari ba tare da na ambaci ƙarfe ko gada ba. Ya ce malamai sun saɓa, a kan wanda ba ya nan da kuma a kan wanda ya mutu a fagen fama, kuma ba ya ganin laifin wanda ya bi ɗayan ɓangaren. Amma shi yana tare da masu cewa Musulmin da babu wanda ya sallace shi, haƙƙinsa yana nan a wuyan 'yan'uwansa, ya kuma kawo yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallaci sarkin Habasha daga Madina. Ya ce in kawo mutumin.

Juma'ar da ta biyo, maimakon mu jingina waya da gwangwanin madara kamar yadda muka saba, muka koma masallaci. Bayan an idar da la'asar liman ya sanar da cewa akwai sallar wani ɗan'uwa da ya rasu a nesa. Kofur ya tsaya a sahun farko. Ɗan Kumasi ya tsaya kusa da shi, yau bakinsa a rufe. Ɗan Sudan ya zo tun daga Bin Mahmud, ya ce shi ma yana da waɗanda zai sa a niyyarsa. Sai mutanen Bangaladash da Pakistan da ke masallacin suka tashi suka cika sahu, ba su san ko wane ne ba, ba su tambaya ba. Ni na ɗan tsaya a baya ina tuna malamaina, Allah ya jiƙansu. Sannan na shiga sahun. Kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada, babu komai a gaban liman sai darduma. Da aka yi sallama Kofur bai yi kuka ba. Ya zauna ya jingina da ginshiƙi, kafin in gama addu'a na ji numfashinsa ya canza. Barci yake, a zaune, bakinsa a ɗan buɗe. Muka bar shi har aka kira magariba.

Daga baya ya nemo lambar yayan mamacin ya gaya masa an yi wa ƙaninsa salla a Doha, sahu ya cika. Ban ji abin da aka amsa masa ba, ban kuma tambaya ba. Aikinsa bai sake samun matsala ba, yana nan a ginin har yanzu, shi ne ma yake koya wa sababbi. Ba zan ce ya warke sarai ba, don akwai ranakun da shirun ke dawowa. Amma ƙanwata ta ce in ya kira yanzu har tsokanar yara yake yi.

Ɗan Sudan kuwa bai ji kunya ba, bayan sati biyu ya turo wani katun ɗin, wai wannan ya fi wancan, ƙarafan ma haɗewa suke su zama ɗaya. Na ce ko za su haɗe su zama jirgin Makka ba zan fassara ba. Kofur ya yi dariya, ya ce shi ma ya ƙoshi.

Har yau ina jin haushin Juma'o'in nan, ina jin haushin waƙar da ta ƙi fita daga kaina, kuma ina jin haushin masu zanen da suka bar bawan Allah a bakin gada ba su koma ba, ko da yake na gane da gangan suka yi, don haka yaƙi yake. Ana sa hannu a takarda, a rataya lambobi, a ce an gama, alhali wani yana can gindin tsamiya, wani kuma yana nan yana ɗauke da shi a ƙirji. Abin da na koya shi ne, in ka ga babban mutum mai hankali ya manne wa abin da kake ganin shirme ne, kafin ka buɗe baki da faɗa ka tambaye shi me yake nema a ciki, kuma in ya kasa faɗa ka sake tambaya. Na yi watanni ina fassara maganar zane kalma bayan kalma, mutumin da ke zaune kusa da gwiwata kuwa sai a ƙarshe na ji abin da yake cewa. Allah ya jiƙan wanda aka bari, ya sa salla ta isa gare shi.